Jikin Mace da Waƙa: Nazari a kan Nana Asma'u da 'Yan Taru

Masu nazarin adabi ta fuskar 'yancin mata sukan tambaya: wa ke da iko da jikin mace, wa ke yanke inda ƙafarta za ta taka? Waƙoƙin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu (1793–1864) sun dace da wannan tambaya ƙwarai.

A ƙasar Rima, inda Wurno da Rabah da Goronyo su ke, ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa ribaɗi a Wurno, can kuwa ya rasu cikin 1837. Yaƙe-yaƙen zamanin, kamar na Gawakuke cikin 1836, sun kawo mata kamammu da yawa. Wasu sun zama ƙwaraƙwarai, wasu bayin gida, galibinsu kuwa bori suka sani magani. Matan aure kuma suna kulle.

Asma'u ba ta yaƙi kulle ba, dabara ta yi masa. Ƙungiyarta ta 'Yan Taru ta dogara ga tsofaffin mata da 'yan mata ƙanana, watau waɗanda al'ada ta yarje wa tafiya. Su ke zuwa wurinta su haddace waƙa, sa'an nan su kai wa na cikin gida. Inda aka hana jiki zuwa, sai waƙa ta je. Shi ya sa waƙoƙinta na koyarwa da Hausa da Fulatanci su ke da sauƙin lafazi da amsa-amo mai riƙe hadda. Shugabarsu, Jaji, akan naɗa mata malfa da jan rawani, suturar da ta yi kama da ta Innar Gobir, uwar 'yan bori. Girman da mata suka sani a bori, shi aka mai da ga ilmi.

Amma fa kada yabo ya rufe idon mai nazari. Waƙarta ta Gawakuke murnar nasara ce, ba a jin muryar wadda aka kamo a ciki. Littafinta *Tabshirul Ikhwan* (1839), mai bayanin neman waraka da Alƙur'ani, da Larabci aka rubuta shi, harshen da baiwa ba ta ji.

Ashe ke nan Asma'u ta buɗe wa hankalin mace hanya, ikon jikinta kuwa ya zauna a hannun miji da ubangida. Wanda ya kira ta 'yar gwagwarmaya irin ta Turai ya ɗora mata kayan da ba nata ba. Wanda kuma ya ce ba ta sake kome ba, bai lura da rawanin Jaji ba.