Sonatar Mozart a Hannun Babba

A shekarar 1788 Mozart ya rubuta wata gajeriyar sonata ta fiyano, ya shigar da ita cikin kundin ayyukansa da bayanin cewa ta masu fara koyo ce. Ita ce ake kira K. 545 a yau. Yara 'yan shekara goma suna kaɗa ta a gaban iyayensu a tafa musu. Amma babban mutum da ya daɗe a kan fiyano, in ya zauna gabanta da gaske, sai gumi ya keto masa. Duk mai son gane wannan al'ada ta kiɗa, daga nan ya kamata ya fara.

Sonatar fiyano kiɗa ne zalla, babu murya, mutum ɗaya ke yin sa. Galibi kashi uku ce: na farko mai sauri, na tsakiya mai sanyi, na ƙarshe mai zafi. Ta yi tashe daga tsakiyar ƙarni na 18 zuwa farkon na 19, cibiyarta birnin Viyana. Haydn ya bar fiye da 50, Mozart 18, Beethoven 32, ga kuma Clementi, Ba'italiye mazaunin Landan. Kashin farko yakan bi tsari irin na tafiya. Makaɗi ya tashi daga gida da jigo ɗaya, ya ƙaura zuwa wani mazaunin sauti ya kawo jigo na biyu, ya shiga daji inda jigogin suke karo da juna, sa'annan ya komo gida da su duka biyun. Wanda bai san wannan taswira ba zai danna kowane maɓalli daidai, mai sauraro kuwa ba zai ji an je ko'ina ba.

Wahalar farko tana jikin fiyanon kansa. Wanda Mozart ya mallaka, ƙirar Anton Walter, maɓallansa 61 ne, jikinsa katako, gudumominsa ƙanana an lulluɓe su da fata, sautinsa siriri mai saurin mutuwa. Na yau maɓallansa 88, ƙashinsa ƙarfe, amonsa mai kauri da daɗewa. Abin da aka rubuta domin na farko, in aka ɗora shi a kan na biyu ba da lura ba, sai hannun hagu ya danne na dama.

A duba layin farko na K. 545. Hannun dama yana rera jigo mai sauƙi, hannun hagu kuma yana jujjuya sauti uku: na ƙasa, na sama, na tsakiya, na sama. Wannan salo ana danganta shi da Domenico Alberti. Sautin saman da ke maimaituwa a kan babban yatsa yake faɗawa, babban yatsa kuwa shi ne mafi nauyi. Shi ya sa ake jin ɗalibi yana ƙwanƙwasa sauti ɗaya kamar mai buga ƙusa, jigon da aka zo ji ya ɓace. Maganinsa a ware hannun hagu shi kaɗai, a rage gudu ƙwarai, a saki wuyan hannu ya riƙa juyawa kamar mai murza makulli a ƙofa, har rakiyar ta koma raɗa. Aikin makonni ne. A irin wannan kiɗa babu tarin sauti da mutum zai fake a bayansa; yatsa ɗaya ya yi nauyi, kowa ya ji.

Misali na biyu sonatar Beethoven ce ta 1801 da aka laƙaba wa sunan hasken wata, sunan da ba shi ya raɗa mata ba. A kashin farko ya ba da umarni a bar tsarkiyoyi su yi ta amo ba tare da an tare su ba. A fiyanon zamaninsa hakan yakan ba da wani hazo mai taushi. A na yau, wanda ya taka fedar da ke sakin tsarkiyoyi ya ƙi ɗagawa zai dagula kiɗan ya zama laka. Dole makaɗi ya tambayi abin da Beethoven yake nufin a ji, ya nemo shi da ƙafarsa da kunnensa. Bin rubutu ido rufe ba ya wadatarwa.

Akan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma gaskiya ne yatsun mai shekara hamsin ba su da laushin na yaro. Sai dai babba yana zuwa da abin da yaro bai tara ba tukuna. Mozart ya rubuta sonatarsa K. 310 a Faris a 1778, shekarar da mahaifiyarsa ta rasu a can yana tare da ita. Wanda ya taɓa binne nasa zai ji nauyin bugun hannun hagu da ke buɗe ta. Haydn kuma gwanin shiru ne: yakan tsaya cak a tsakiyar magana, ya bar mai sauraro a rataye, sa'annan ya ɓullo ta inda ba a zata ba. Auna tsawon wannan shiru sai wanda ya zauna da mutane ya san hira.

Tarihi ma yana bayan babba. Yawancin waɗannan sonatoci an buga su ne domin masu kiɗa a ɗakunansu, da yawansu mata. Sonatoci shida da kamfanin Artaria ya buga wa Haydn a 1780, ga wasu 'yan'uwa mata biyu na gidan Auenbrugger aka sadaukar da su. Ma'aikacin da ya dawo gida da yamma ya buɗe fiyanonsa shi ne magajinsu na halak.

Inda manya suka fi tuntuɓe shi ne gaggawa. Kunnensu ya ƙoshi da faifan gwanaye tun daga Artur Schnabel, wanda ya fara naɗar sonatocin Beethoven duka tsakanin 1932 da 1935, sai su yi tsalle zuwa mafi wuya cikinsu, su shekara suna kokawa, hannu ya sage, zuciya ta karaya. Ga sonatoci biyu masu sauƙi na Beethoven, Op. 49, ga ƙananan na Clementi, Op. 36, duk suna koyar da daidaita hannu da numfashin jimla.

Saboda haka, mai karatu, in kana cikin masu wannan nema, ɗauki sonata ɗaya da ba ta fi ƙarfinka ba, ka san taswirarta kafin ka taɓa maɓalli, ka ba ta rabin sa'a kullum har wata shida. Gemu ba ya hana ilimi, kuma wannan kiɗa ya fi amsa wa mai haƙuri.