Kwarin Muhassir da Rundunar Giwa: Bitar Hujjar Ibnul Ƙayyim

Kwarin Muhassir yana tsakanin Muzdalifa da Mina. Hadisin Jabir ɗan Abdullahi da Muslim ya ruwaito ya tabbatar da cewa Manzon Allah (SAW) ya ɗan zaburar da taguwarsa da ya iso cikinsa a Hajjin Bankwana. Imamu Malik kuma ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Ibnu Umar yakan hanzarta abin hawansa a wurin gwargwadon nisan jifar dutse. Aikin ya inganta. Saɓanin malamai yana kan dalilinsa.

A cikin Zadul Ma'ad, Ibnul Ƙayyim (ya rasu 751 BH) ya tafi a kan cewa a nan ne azaba ta sauka kan rundunar Abrahata, kuma Annabi yakan hanzarta a wuraren da aka halaka maƙiya Allah, kamar yadda ya yi a Hijir, garin Samudawa. Kafin shi, Nawawi (ya rasu 676 BH) ya ce sunan kwarin ya samo asali ne daga gajiyar da giwar ta yi a cikinsa.

Ƙiyasin yana da kyau a zahiri, amma yana da gibi biyu. A Hijir, Annabi da bakinsa ya bayyana dalili, har ya hana shiga wurin sai da kuka. Hadisin Jabir kuwa bai ambaci dalili ba. Sannan Ibnu Ishaƙ ya ce Abrahata ya yada zango ne a Mugammas, kan hanyar Ɗa'ifa, inda ɗan jagoransa Abu Rigal ya mutu. Da wannan wuri Ibnu Usaimin (ya rasu 1421 BH) ya kafa hujja cewa halakar ba a Muhassir ta auku ba. Ya fi karkata ga cewa Larabawan jahiliyya ne ke tsayawa a nan suna alfahari da iyayensu, sai Annabi ya saɓa musu. Wannan ma ijtihadi ne, ba nassi ba.

Illar tana bayyana ne idan mai wa'azi ya faɗa wa alhazai ra'ayin farko tamkar hadisi, domin ya jingina wa Annabi manufar da bai furta ba. Abin da ya wajaba ga ɗalibi shi ne ya karantar da hanzartawar a matsayin sunna, dalilinta kuma ya jingina shi ga malamin da ya faɗe shi. Allah ne mafi sani.