Kwaikwayon Hoto da Horar da Idon Mai Koyon Zane

Tun daga shekarar 2016, lokacin da zane-zanen fentin mai na Oresegun Olumide masu nuna yara jiƙe da ruwa suka bazu a Facebook, zuwa 2018 da Kareem Waris Olamilekan, yaro ɗan shekara 11, ya zana Shugaban Faransa Emmanuel Macron a Legas, masu koyon zane da yawa a Nijeriya suka karkata ga salon kamanta zane da hoton kyamara, wato wanda ake so mai kallo ya kasa bambanta shi da hoto. Hanyar da suka fi bi ita ce a ɗauko hoto daga waya, a raba shi gida-gida da layuka, sannan a kwafi kowane gida a kan takarda.

Gwanintar manyan masu wannan salo ba abar musu ba ce, amma ɗora ɗan koyo a kansa tun ranar farko kuskure ne, domin kyamara ta riga ta yanke duk shawarar da ya kamata idonsa ya koyi yankewa: ta tsayar da haske, ta baje abu mai tudu da kwari ya zama shimfiɗaɗɗe. Shi ya sa akan ga wanda ya fitar da kowace gargasar gira daga hoto, amma idan aka ajiye masa ƙwarya a bakin taga sai hannunsa ya rikice.

Atisayen da ya fi amfani ba ya burge kowa. Na farko shi ne matakan duhu, wato jera tabo tara ko goma daga fari fat zuwa baƙi ƙirin, kowane ya ɗara na gabansa duhu kaɗan, sannan a zana ƙwai ko tulu da launi guda da safe, a sake zana shi da la'asar bayan inuwa ta juya. Daga nan sai taƙaita launuka, kamar yadda ake danganta wa mai zane Anders Zorn na ƙasar Suwidin (1860-1920), wato fari da baƙi da ja da rawaya mai ruwan ƙasa kawai. Wanda ya daɗe da waɗannan huɗun zai gano da kansa cewa baƙi da rawayar suna ba da kore mai duhu, kuma toka-tokar da aka haɗa daga baƙi da fari takan yi kamar shuɗi idan ta zauna kusa da ja. Ga kuma sauƙi ga aljihun ɗalibi, tunda fenti ya yi tsada.

Ɗaliban da suka kafa ƙungiyar zane a kwalejin Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, sun ƙi tsayawa ga kwaikwayon Turawa, amma ba su yi watsi da dabarun da aka koya musu ba. Tunda dabara ce tushe, ya kamata malaman zane su hana ɗan koyo kwafar hoton waya har sai ya iya fitar da ƙwarya da inuwarta daga kallon ido.