Jinjina ga Masu Sa wa Harafi Lanƙwasa

Duk wanda ya ratsa Kano ya san yadda alluna ke wahalar da Hausa. Sai ka ga an rubuta "kofa" ba lanƙwasa, an manne "anan" wuri guda, an kuma cusa wa "ba a" wata 'yar alama a tsakiya ba gaira ba dalili. Mun saba, ido ya daina ƙorafi.

Shi ya sa nake cire hula ga tsirarun masu fentin allo da ba su yarda da wannan sakaci ba. Ka tsaya bakin rumfar irinsu ka gani: ya ja layi da alli, ya tsoma buroshi a gwangwani, ya gama harafin k tsaf, sannan ya riƙe numfashi ya karkato da kan harafin kamar ƙugiya. Aikin daƙiƙa biyu ne, amma shi ya raba fada da faɗa, ya raba kasa da ƙasa. Mai shago kuwa ba zai ƙara masa ko sisi ba.

Haruffan nan ba baƙi ba ne. Tun shekarun 1930 ake buga su a Zariya, kafin ma yawancin titunan garin su ga kwalta. Abin takaici, kwamfutar da ake buga manyan tallace-tallace da ita yanzu tana da su, mai bugawar ne ba ya nema. Na taɓa ganin wani dattijo a kan tsani yana gyara allon da inji ya buga, yana bin kowace d yana ɗora mata lanƙwasarta.