Kiɗa a kunne kafin a busa usur

Yanzu ya zama yayi: 'yan ƙwallo na saukowa daga bas, kowa kunnensa a toshe da kiɗa, ba mai ce wa wani uffan. Michael Phelps, ɗan ninƙayar Amurka da ya kwashe zinare takwas a gasar Olamfik ta Beijing a 2008, a lokacin da yake shiga gasa har bakin ruwa yake zuwa da nasa, sai dab da farawa yake cirewa.

Abin ba camfi ba ne. Binciken Costas Karageorghis na Jami'ar Brunel da ke Landan ya nuna kiɗa na rage jin wahalar gudu da kusan kashi 10 cikin 100, muddin gudun bai yi tsanani ba. Mai sanyi yana kwantar da faɗuwar gaba, mai zafi yana tsima jiki. A 1998 a Birmingham, Haile Gebrselassie na Habasha ya kafa tarihin duniya a tseren mita 2,000 na cikin zaure, ana saka masa waƙar Scatman a lasifika, yana daidaita takunsa da bugunta.

Wanda ya saba zuwa filin dambe ba zai yi mamaki ba. Ɗan dambe na zaune jiki a sanyaye, hannu naɗe da zare. Da makaɗi ya matse kalangu ya ɗauki takensa, sai tsigar jikinsa ta tashi, ya zabura yana kirari. Abin da makaɗi Ɗan Anace ya yi wa ɗan dambe Shago ke nan.

Sai dai yayin na yau ya cakuɗe da talla. A gasar cin kofin duniya ta 2014 a Brazil, sai da FIFA ta hana 'yan wasa shiga fili da na'urar jin kiɗa ta Beats, ba don komai ba sai don Sony ce ke zuba wa gasar kuɗi a lokacin. Yara masu tasowa na kwaikwayon kwalliyar, sun manta kiɗan yana da iyaka. Idan jiki ya kai maƙura, haki da raɗaɗin tsoka ne ke danne komai. Kuma ranar bugun fenareti, ba alƙalin wasan da zai bar mutum ya kunna waƙar da ke kwantar masa da hankali.

Masu horarwa su bar yara su ji kiɗansu a ɗakin sauya kaya, amma su riƙa ware ranakun atisayen da ba kiɗa ko kaɗan.