Tsakiya da jan ƙarfe: ina hannun maƙeri?

A kasuwannin Agye, Gazawa da Gidan Rumji, sarƙa da awarwaro na ƙetare sun cika tabarmar ƴan koli, aikin maƙerin fari kuwa sai ja baya yake. Shi ya sa wasu ke hangen mafita a salon da ake gani cikin wayar salula: a samu gogaggen dutse, a naɗe shi da zaren jan ƙarfe, ba huji, ba wuta.

Jan ƙarfe dai ɗan gida ne. A 1353 Ibn Battuta ya sauka Takedda, ya tarar ana zuba shi sanda-sanda ana kaiwa Gobir da Barno, kuma sarautar Gobir ɗin ce ke zaune yau a Tsibiri. Tsakiyar da kakanni suka rataya kuwa daga Kambay ta Indiya ta zo, daga baya Idar-Oberstein ta Jamus. Saboda haka ba a zargin salon da aro.

Inda ya gaza shi ne wajen aiki. Tsakiya hudajja tana rataye tsirara, haske na ratsa ta. Naɗi kuwa yakan rufe rabin dutsen, ido ya tsaya kan waya. Gumin bazara yana sa jan ƙarfe ya bar kore a wuya, laushinsa kuma ya sa naɗin kwancewa. Maƙeri ya san jan waya ta cikin huji, da gasa ta, da liƙa bakinta da wuta. Mai ɓare igiyar lantarki ya naɗa ya tsallake duka ukun, kuma ƙungiyar da ta baje kayansa da sunan gargajiya ta tsallake maƙerin.