Bayan Fita Daga Gidan Miji: Nazarin Jigo a Littattafai Biyu na Balaraba Ramat Yakubu

1.0 Gabatarwa

Tun farkon shekarun 1990, lokacin da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa ƙagaggun labaran da matasa ke bugawa da kansu sunan "Adabin Kasuwar Kano", manazarta suka fi karkata ga tambaya guda: shin waɗannan littattafai adabi ne ko kuwa hajar kasuwa? Muhawarar da ta biyo baya, wadda Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka yi fice a cikinta, ta yi amfani ƙwarai. Sai dai kuma a cikin zafinta an yi wa marubutan kuɗin goro, aka jera su duka a ƙarƙashin jigon soyayya. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa abin da ya dami Balaraba Ramat Yakubu a littattafanta biyu na 1990, wato Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, shi ne makomar mace bayan ta bar gidan da aka zalunce ta.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Marubuciya

An haifi Balaraba a Kano a 1959. Ƙanwa ce ga Janar Murtala Ramat Muhammed, shugaban ƙasar da aka kashe ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Kamar yadda ta sha bayyanawa da bakinta, an cire ta daga makarantar firamare, aka aurar da ita tana 'yar shekara 13 ga wani mutum da ya girme ta nesa ba kusa ba, auren kuma bai kai shekara biyu ba ya mutu. Bayan dawowarta gida ne ta shiga koyon ɗinki da saƙa, ta kuma bi ta ajin ilimin manya har ta ƙware a rubutun boko. Littafinta na farko, Budurwar Zuciya, wanda ya soki al'adar auri-saki, ya fito a 1987, shekara bakwai bayan So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid. Ta kasance cikin jigajigan ƙungiyar marubuta ta Raina Kama tare da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba, daga baya kuma ta shiga harkar shirya fim.

Ba a kawo wannan tarihi don a ce littattafan tarihin rayuwarta ne ba. An kawo shi ne domin ya haskaka dalilin da ya sa, a wurinta, mutuwar aure kan zama mafarin labari, alhali a yawancin littattafan tsararrakinta ɗaurin aure ne ke rufe labari.

3.0 Hanyar Ilimi: Wa Zai Auri Jahila?

Tauraruwar wannan littafi, Abu, yarinyar ƙauye ce da mahaifinta ya raba ta da makaranta. Saurayin da aka yi mata alkawari da shi ya ƙi ta saboda rashin ilimi, sai aka ba da ita ga Sarkin Noma, dattijon da ya isa haihuwarta. Marubuciyar ba ta yi kara ba wajen bayyana azabar daren farko. Abu ta gudu zuwa Kano wurin gwaggonta, ta koma karatu, har ta zama ma'aikaciyar jinya.

Abin lura a nan shi ne inda nauyin labarin ya faɗa. Ba a tsaya ga gudun kaɗai ba. An bi Abu taki-taki a kan yadda ta gina kanta bayansa. Haka kuma hujjojin da aka kafa a kan mahaifinta daga cikin addini aka ɗebo su, wato wajabcin neman ilimi da haƙƙin yarinya a kan wanda za ta aura, batun da Novian Whitsitt ya tattauna a 2002. Rauninsa kuwa yana cikin sunansa. Tambayar da take kan bango ta auna darajar ilimin mace da ma'aunin kasuwar aure, ga shi kuwa abin da labarin ya nuna ya zarce haka: ilimi ne ya ba Abu bakin magana a gaban waɗanda suka yanke mata hukunci tun ba ta san kanta ba.

4.0 Hanyar Sana'a: Alhaki Kuykuyo Ne

Rabi ba yarinya ba ce, uwar 'ya'ya tara ce. Mijinta, Alhaji Abdu, ɗan kasuwa ne da ya gaza wajen ciyar da iyali, ya auro Delu, sannan ya kori Rabi da 'ya'yanta. Ƙofar makaranta ta riga ta rufe mata, saboda haka ta kama sayar da abinci. A nan ne gwanintar marubuciyar ta fi fitowa, domin ta sa mai karatu ya ji nauyin kuɗin cefane da na makaranta da ɗawainiyar aurar da 'yarta Saudatu. Zaluncin da aka zayyana a nan ba na duka ba ne kawai, na tauye haƙƙin ci da sha ne, wanda shari'a ta ɗora wa miji.

Akwai matsala a warwarar labarin. Gobara ce ta cinye dukiyar Alhaji Abdu, Delu kuma ta juya masa baya. Wannan ya dace da karin maganar da aka sa wa littafin, ya kuma bi sawun jigon wa'azi da aka saba da shi a adabin Hausa. To amma sakayyar daga sama ta faɗo. Babu dangi ko alƙali ko mai unguwa da ya ƙwato wa Rabi haƙƙinta. Hasali ma, bayan mijin ya tsiyace, matsa mata aka yi ta koma ɗakinta. Wasu za su ɗauki wannan a matsayin ja da baya daga marubuciyar. A ganinmu, shi ne wuri mafi gaskiya a littafin: al'ummar da ta yi shiru lokacin da aka kore ta, ita ce ta sami bakin ba ta haƙuri lokacin da mijin ya buƙace ta.

5.0 Kammalawa

Idan aka haɗa littattafan biyu, za a ga amsa biyu ga tambaya ɗaya. Abu ta fita da ƙuruciya, ta sami ilimi, fitarta ta tabbata. Rabi ta fita da 'ya'ya tara, ta riƙe kanta da guminta, duk da haka aka mayar da ita. Marubuciyar ba ta yi wa masu karatunta alkawarin cewa kowace fita tana kaiwa ga 'yanci ba, ta dai nuna abin da 'yancin ke buƙata. An mayar da Alhaki Kuykuyo Ne fim a 1998, sannan Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga a 2012. Abin da ya rage ga manazartan gida shi ne su daina auna waɗannan ayyuka da inda aka sayar da su, su auna su da abin da suka ƙunsa.